Lasisin Babbar Manhajar Kwamfuta da Sake Tabbatar da Shi Bayan Canza Kayan Ciki

1.0 Gabatarwa

Abin da ya haifar da wannan takarda shi ne wani al'amari da na tarar a wata makaranta a yankin Achika ta ƙaramar hukumar Wudil, lokacin da na je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Wuta ce ta zo da ƙarfi da damina ta ƙona wasu kwamfutocin makarantar. Aka kai su Kano aka canza musu babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira modabod. Da aka dawo da su sai suka tashi, amma kowacce da rubutu a kusurwar dama ta ƙasa, tana neman a tabbatar da lasisin Windows. Shugaban makarantar ya tambaye ni: yaya za a ce mu sake biyan kuɗin abin da muka riga muka saya? Wannan tambaya ce takardar za ta yi ƙoƙarin amsawa.

Batun yana da muhimmanci, domin tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Yaron ƙauye da ke da burin shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, ba shi da wurin koyon taɓa na'ura sai ɗakin kwamfutar makarantarsu.

2.0 Ma'anar Lasisi

Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, sauran manhajoji kuwa a kanta suke hawa. Wanda ya biya kuɗin Windows, izinin amfani da ita ya saya bisa wasu sharuɗɗa, ita kuwa manhajar tana nan mallakar kamfanin Microsoft. Wannan izini shi ne lasisi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta lissafa manhajar kwamfuta cikin rubutattun ayyukan da take karewa, watau matsayinta ɗaya da littafi.

Lasisin Windows ya kasu gida uku:

(a) Lasisin maƙera, wanda ake kira OEM. Shi ne wanda kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo ke sakawa tun daga masana'anta. Ya fi araha, amma a ɗaure yake da kwamfutar da ya zo a cikinta, ba a ɗauke shi a kai wata. Kamar lambar da aka yi wa doki ce a jiki, inda dokin ya tafi can za ta.

(b) Lasisin da mutum ya saya daban. Wannan kamar sirdi ne, ana iya cire shi daga wannan doki a ɗaura wa wancan, sai dai ba ya hawa dawaki biyu a lokaci guda.

(c) Lasisin sari, na ma'aikatu da makarantu. Wani nau'insa mabuɗi ɗaya ne da aka ƙayyade masa yawan kwamfutoci. Wani kuma, wanda ake kira KMS, yana bukatar kwamfuta ta riƙa tuntuɓar uwar na'urar ma'aikatar, in ta yi kwana 180 ba ta tuntuɓa ba sai tabbacin ya faɗi.

3.0 Yadda Ake Gane Kwamfuta

Tilasta wa jama'a tabbatar da lasisin Windows ya fara ne da Windows XP a watan Oktoba na 2001. A wancan lokaci ana ba mai saye mabuɗi mai haruffa da lambobi 25, a kuma ba shi kwana 30 ya tabbatar da shi ta intanet ko ta wayar tarho. Manhajar takan duba sassa goma na na'urar, kamar furosesa da ram da faifan ajiya da katin sadarwa, ta haɗa wata lamba da ke zama shaidar wannan kwamfuta. In sassan da aka canza sun yi yawa, sai ta ɗauka an kai ta wata na'ura ce.

Daga Windows 8, a 2012, sai maƙera suka daina manna takardar mabuɗi a jikin kwamfuta, suka koma rubuta shi a cikin modabod ɗin kansa. Sa'an nan Windows 10, wadda ta fito ranar 29 ga Yuli, 2015, ta zo da lasisin da ba ya bukatar mabuɗi: ana ajiye shaidar kwamfutar a na'urorin kamfanin, duk lokacin da aka sake zuba manhajar sai ta gane ta da kanta.

Ke nan a yau modabod shi ne ainihin kwamfuta a idon lasisi. Ƙara ram ko canza faifan ajiya ba kasafai yake taɓa tabbacin ba. Canza modabod kuwa tamkar sayen sabuwar na'ura ne. Abin da ya sami makarantar da na ambata ke nan: lasisinsu na maƙera ne, kuma ya tafi tare da allunan da suka ƙone.

4.0 Hanyar Sake Tabbatarwa

Tun daga watan Agusta na 2016 aka buɗe hanyar ɗaure lasisi da asusun Microsoft na mai kwamfuta. Matakan su ne kamar haka:

Na farko, tun kwamfuta tana lafiya, a san irin lasisinta. Umurnin slmgr /dli yana nuna ko na maƙera ne, ko na saye daban, ko na sari. A kuma lura ko Home ce ko Pro, domin lasisin ɗaya ba ya tabbatar da ɗaya.

Na biyu, a shiga kwamfutar da asusun Microsoft mai ikon gudanarwa, a duba shafin tabbatarwa har a ga ya nuna cewa lasisin ya ɗauru da asusun.

Na uku, bayan gyara, a haɗa ta da intanet, a shiga da wannan asusu, a buɗe mai warware matsalar tabbatarwa, a zaɓi cewa an canza kayan na'urar kwanan nan, sa'an nan a nuna kwamfutar a cikin jerin da zai bayyana.

Mai lasisin saye daban yana iya sake shigar da mabuɗinsa kawai. Mai lasisin maƙera kuwa, ƙa'ida ta yarda masa ne idan allon lalacewa ya yi kuma aka maye shi da irinsa ta hannun maƙerin, kamar yadda ake yi a lokacin garanti. Kwamfutar gwanjo ba ta da wannan gata.

5.0 Kurakuran da Ake Yi

Mafi yawa, in rubutun nan ya fito, sai mai gyara ya zuba wata 'yar manhaja da ke yaudarar kwamfuta ta zaci tana tuntuɓar uwar na'urar wata ma'aikata. Wannan keta doka ne, bugu da ƙari irin waɗannan manhajoji sukan zo da ƙwayoyin cuta masu satar bayanai. Alhali kuwa Windows 10 ko 11 da ba a tabbatar ba tana ci gaba da aiki, abin da ake rasawa shi ne canza adon fuskarta, ga kuma rubutun nan. Saboda haka akwai lokacin bin hanyar da ta dace.

Wajibi ne kuma a yi lissafi kafin a sayi sabon lasisi. Tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 ta 2021 tana bukatar sashen tsaro na TPM 2.0 wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Ga irin waɗannan, Linux ta fi dacewa. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, lasisinta na GPL ya halatta kwafa da rabawa, kuma ba ta neman tabbatarwa ko an canza mene ne. Da Ubuntu muka farfaɗo da kwamfutocin waccan makaranta, yara suka ci gaba da koyon buga rubutu.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa lasisi izini ne mai sharuɗɗa, kuma irinsa ne ke yanke hukuncin abin da zai faru bayan gyara. Shawarata ita ce kowace makaranta ta buɗe littafin da za a rubuta lambar kowace kwamfuta da irin lasisinta da rasiɗinta, asusun kuma ya zama na makaranta, kada ya zama na malamin da za a iya yi wa canjin wurin aiki gobe. Masu ba da kyautar kwamfutoci su haɗa da takardun lasisi da na'urar daidaita wuta. Mu kuma malaman kwalejojin ilmi, ya kamata mu sa wannan batu cikin abin da muke koya wa ɗaliban sashen kwamfuta, tun da su ne za su riƙe waɗannan ɗakuna a ƙauyukanmu.