Aikin limamin cocin Angilika a gidajen yarin Ingila

A ƙarƙashin dokar gidajen yari ta 1952, wajibi ne kowane gidan yari a Ingila ya kasance yana da limamin coci, kuma dole limamin ya fito daga Cocin Ingila, wato uwar ɗarikar Angilika ta duniya. A yankin Wales kuwa, cocin Angilika na yankin ne ke bayar da shi.

Da farko muƙamai uku dokar ta ambata: shugaban gidan yari, da limami, da likita. A 2007 an cire likita daga jerin, bayan da kula da lafiyar fursunoni ya koma hannun hukumar kiwon lafiya ta ƙasa. Limamin yana nan.

Sai dai gidajen yarin da aka rubuta wa wannan doka sun sauya ƙwarai. Kiristoci ba su kai rabin fursunonin Ingila da Wales ba, kuma 'yan Angilika wani ɓangare ne kawai a cikinsu. Saboda haka aikin da limamin ke yi a yau ya sha bamban da abin da sunan muƙamin ke nunawa.

Mai makulli a ƙugu

Limamin gidan yari yana da iyayen gida biyu. Bishop na yankin ne ke ba shi lasisin gudanar da ibada, amma hukumar gidan yari ce ke ɗaukarsa aiki, ita ke biyansa albashi. Ana tantance shi kamar kowane ma'aikaci, kuma yana yawo da makullai a ƙugu kamar ganduroba. Tun da Cocin Ingila ya fara naɗa mata a matsayin limamai a 1994, mata da dama sun riƙe wannan aiki, har a gidajen yarin maza.

Ƙa'idojin gidajen yari na 1999 sun zayyana abubuwan da ke wuyansa. Zai gana da sabon fursuna jim kaɗan bayan an kawo shi, ya sake ganawa da shi gab da sakinsa. Zai ziyarci marasa lafiya da waɗanda aka killace su kaɗai a kullum. Zai gudanar da sujada kowace Lahadi, da ranar Kirsimeti, da Juma'ar da Kiristoci ke tunawa da gicciye Yesu Almasihu. Idan fursuna ya mutu ba a yi wani tanadi ba, shi ne zai yi addu'ar binne shi.

Sujadar Lahadi ita ce abin da mutanen waje suka fi sani, amma ita ce mafi ƙanƙanta a lissafin sa'o'i. Akasarin ranar limamin tana ƙarewa ne a bakin ƙofofi. A sashen killacewa yakan bi ɗaki-ɗaki, wani lokaci ta 'yar taga kawai zai yi magana, ya tambayi mutum lafiyarsa. Wani zai amsa, wani zai zage shi, wani kuma ba zai ɗaga kai ba. Gobe zai sake dawowa.

Kwanakin farko na ɗauri suna cikin lokutan da aka fi fargabar fursuna ya kashe kansa, shi ya sa ake son wani daga cikin limamai ya ga kowane sabon zuwa cikin sa'o'i 24. Haka kuma sukan zauna a tarukan da ake yi domin bibiyar fursunan da ake tsoron zai cutar da kansa.

Isar da labarin mutuwa

Aikin da ya fi nauyi shi ne isar da saƙon rasuwa. Idan mahaifiyar fursuna ko ɗansa ya mutu a waje, galibi ofishin limamai iyalin ke bugawa waya. Kafin a faɗa wa kowa, sai limamin ya tabbatar da labarin daga asibiti ko 'yan sanda ko masu shirya jana'iza, domin ba a ɗaukar irin wannan magana daga murya guda a waya.

Daga nan sai a kira fursunan zuwa wuri keɓaɓɓe. Yawancinsu da sun ga an zo neman su ba zato, kuma limami ne, sun riga sun san abin da ke tafe.

Fursuna na iya neman izinin halartar jana'izar makusancinsa, amma shugaban gidan yari ne ke yanke hukunci bayan an auna haɗarin, kuma wanda aka bari yakan je ne da ankwa, ɗaure da hannun ganduroba. Wanda aka hana, limamin kan kai shi ɗakin ibada a daidai lokacin da ake binne mamacin, a kunna kyandir, a yi addu'a, ko a zauna shiru. Bayan haka a mayar da shi ɗakinsa a kulle ƙofa.

A nan ne kuma matsayin limamin ke da sarƙaƙiya. Fursuna na buɗe masa ciki ne saboda ba ya ɗaukarsa a matsayin ganduroba. Amma idan ya ji maganar shirin tserewa, ko barazana ga ran wani, ko niyyar kashe kai, ba shi da ikon yin shiru. Limamin da ya san aikinsa yakan faɗi wannan iyaka tun kafin hira ta yi nisa. Idan fursunoni suka ɗauke shi ɗan leƙen asirin hukuma, ba mai sake zuwa wurinsa. Idan ma'aikata suka ɗauke shi wanda fursunoni ke juyawa, su ma ba za su saurare shi ba.

Daga gindin igiya zuwa tarzoma

Wannan tsaka mai wuya tsohuwa ce. A ƙarni na 18, limamin kurkukun Newgate da ke Landan yana raka waɗanda za a rataye, sannan ya buga tarihinsu da kalamansu na ƙarshe ya sayar, abin da ya zame masa hanyar samun kuɗi. Dokar 1823, a zamanin da Robert Peel ke sakataren harkokin cikin gida, ta sa naɗa limamai ya zama wajibi a manyan gidajen yari.

Lokacin da aka buɗe gidan yarin Pentonville a 1842, an gina shi ne bisa tunanin cewa kaɗaici da wa'azi za su sa mai laifi ya tuba. Ko a cikin coci, kowane fursuna na zaune a ɗan akurkinsa na katako, ba ya ganin kowa sai mai wa'azi. Tsarin ya taɓa hankalin wasu fursunoni, daga baya aka yi watsi da shi. Har yanzu ana iya ganin irin wannan coci a tsohon kurkukun birnin Lincoln, wanda ya zama wurin tarihi.

Limamai sun ci gaba da tsayawa kusa da hauni har zuwa 13 ga Agustan 1964, ranar da aka yi rataya ta ƙarshe a Birtaniya.

Ɗakin ibada na daga cikin wurare ƙalilan da fursunoni masu yawa ke haɗuwa lokaci guda, kuma hakan na da nasa haɗarin. Ranar Lahadi 1 ga Afrilun 1990, ana cikin sujada a gidan yarin Strangeways na Manchester, wani fursuna ya fizge makirufo daga hannun limamin, Rabaran Noel Proctor. Daga nan tarzoma ta ɓarke, ta ɗauki kwana 25. Rahoton da alƙali Woolf ya fitar a 1991 ya ɗora alhaki mai yawa kan cunkoso da munin yanayin zama.

Coci ɗaya, addinai da yawa

Tun 1863 doka ta ba da damar naɗa limaman Katolika, amma babban sauyin ya zo ne a baya-bayan nan. A 1999 hukumar gidajen yari ta naɗa mai ba ta shawara kan harkokin Musulunci na farko, kuma daga farkon shekarun 2000 aka fara ɗaukar limaman Musulmi aiki na cikakken lokaci.

Alƙaluma ne suka tilasta hakan. Musulmi sun kai kimanin kashi 8 cikin ɗari na fursunoni a 2002, suka ƙaru zuwa kimanin kashi 18 a 2023, alhali ƙidayar 2021 ta nuna su kashi 6.5 ne na al'ummar Ingila da Wales.

A yau limamin Angilika mutum ɗaya ne a cikin tawaga da ta haɗa da limamin Musulmi, da fada na Katolika, da malaman Yahudawa, Hindu, Sikh da Buddha, har ma da masu kula da waɗanda ba su yi imani da addini ba. A wasu gidajen yarin limamin Musulmi ne shugaban tawagar. Wanda ke bakin aiki shi ke zagaya, don haka rabaran zai iya zama wanda zai shaida wa Musulmi rasuwar mahaifinsa, ya kuma tsaya ya ga abincin sahur ya isa ɗakuna a watan azumi, kamar yadda limamin Musulmi zai iya yi wa Kirista ta'aziyya. An hana kowannensu matsa wa fursuna ya sauya addini.

Akwai masu ganin cewa tanadin 1952 ya tsufa, kuma bai dace doka ta fifita coci guda ba. Masu kare shi na cewa shi ne ya sa babu shugaban gidan yarin da zai iya soke muƙamin don tsimin kuɗi, kuma sauran addinai sun shigo ne ta wannan ƙofa.

Cikin waɗanda suka yi wannan aiki akwai wanda ya san shi ta ɓangarori biyu. Jonathan Aitken, tsohon minista a gwamnatin John Major, an yanke masa ɗaurin wata 18 a 1999 saboda rantsuwa kan ƙarya, ya yi wata bakwai a tsare. A 2018 aka naɗa shi a cocin St Paul da ke Landan, ya kuma kama aikin limanci a gidan yarin Pentonville.