Jikin da ya ƙone ba ya bin ƙa'idar magani

Ko an kashe wuta, ba ta gama aikinta a jikin mutum ba. A 1953 likita Douglas Jackson na Birmingham a Ingila ya nuna cewa ciwon ƙuna kashi uku ne. A tsakiya nama ya riga ya mutu, a gefe fata ta yi ja kawai za ta warke, amma tsakaninsu akwai wurin da jini ke gudu da ƙyar, ƙwayoyin jiki suna rai kwakwai mutu kwakwai har kwana biyu ko uku. Kokawar likitoci a kan wannan wurin take. In ruwan jiki ya yi ƙasa, sai shi ma ya mutu, ƙunar ta ƙara zurfi.

Ruwan kuwa ba kaɗan ba ne. A lissafin da Charles Baxter ya fitar a asibitin Parkland da ke Dalas, mai nauyin kilo 70 da ya ƙone kashi 40 cikin ɗari na jikinsa yana bukatar ƙarin ruwa lita 11 da ɗoriya a kwana ɗaya, rabinsa cikin awa 8 na farko.

Wani abin mamaki, ƙunar da ta fi zurfi sau da yawa ba ta zafi, domin jijiyoyin da za su kai kuka sun ƙone.

Sai batun da ya fi ba ni tsoro. Akwai allurar sakin tsoka mai suna suksametoniyam, wadda ake yi wa mutum kafin a zura masa bututun numfashi. Mai lafiya ba ta dame shi. Amma bayan kwana biyu da mummunar ƙuna, tsoka takan tsiro da wuraren karɓar saƙon jijiya birjik a duk jikinta. Allurar na shiga sai su buɗe gaba ɗaya, sinadarin fotasiyam ya kwararo cikin jini, zuciya ta iya tsayawa a kan gadon tiyata. Sauran magungunan sakin tsoka kuma, irin su rokuroniyam, wannan jikin raina su yake yi, sai an ƙara awo kafin su kama.

Ƙwayar jiki ma tana da nata makaman kāre kai, kuma a jikin ƙuda aka fara ganinsu. A 1962 wani abokin aikin Ferruccio Ritossa a Italiya ya ƙara zafin akwatin da ake renon ƙudajen gwaji, sai Ritossa ya ga wasu sassan ƙwayoyin gadonsu sun kumbura. Daga nan aka gano furotin ɗin da ƙwaya ke ƙerawa in ta sha wuya, masu gyara 'yan uwansu da zafi ya lanƙwasa. Masu bincike suna neman maganin barcin da zai tayar da waɗannan furotin a lokacin da ake bukata.

Maganin barci mai suna furofofol fari ne sol kamar madara, domin a cikin man waken suya da sinadarin gwaiduwar ƙwai ake haɗa shi. Likitan dabbobi ne ya gano amfaninsa, John Glen na kamfanin ICI, ya kuma samu lambar yabo ta Lasker a 2018. Ƙirar furofofol ta yi kama da ta bitamin E, shi ya sa a ɗakin gwaji yake tare gubar da ke cin bangon ƙwaya.

Sai dai ɗakin gwaji daban, gadon asibiti daban. A 1997 an nuna cewa iskar barci ta aisofuloren tana rage ɓarnar zuciya a dabbobi, aka yi ta murna. A 2019 aka fitar da sakamakon gwaji kan mutum 5,400 da aka yi wa aikin zuciya, kuma bayan shekara guda yawan mace-mace bai bambanta ba tsakanin waɗanda suka shaƙi iskar barci da waɗanda aka yi wa allura. Masu ƙuna sun cancanci gwaji mai girman wannan kafin a yi musu alkawari.

Maganin barcin da ba a jayayya a kan amfaninsa shi ne ketamin. Calvin Stevens ya haɗa shi a 1962, Amurka ta amince da shi a 1970. Ba ya danne numfashi sosai, ba ya kayar da hawan jini, ga shi ana iya yin allurarsa a tsoka in wuta ta cinye wurin neman jijiya. Da shi ake wanke ciwon yaron da ruwan zafi ya zubo wa, idonsa a buɗe amma ba ya jin ana ɓare bandeji. A 2015 ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaurara dokar sayar da shi saboda 'yan shaye-shaye. Likitoci suka yi caa, domin a ƙananan asibitocin Afirka da dama da shi kaɗai ake tiyata, dole aka jingine maganar.