Latsa Wake Kafin a Janye Itace

Macen da ta iya girki ba ta tambayar agogo ko wake ya nuna. Ɗaga murfi take yi, ta ɗebo ƙwaya ɗaya a ludayi, ta latsa tsakanin yatsu. In ya murje ta janye itace, in da saura ta ƙara ruwa. Ta san tsohon wake ba ya nuna da wuri kamar sabo.

Maganin kashe bakteriya kuwa, su amoksilin da danginsa, an daɗe ana ba da shi da lissafin agogo: kwana bakwai, kwana goma, ko jiki ya gama buƙata ko bai gama ba. To, yanzu likita ma yana da ƙwayar da zai latsa. Akwai wani sinadari a jini, furokalsitonin, wanda ke tashi cikin 'yan awoyi idan bakteriya ta kama mutum, amma mura ba ta cika motsa shi ba. Da magani ya fara ci, sai ya riƙa raguwa da kusan rabi a kullum. A Holan, a wani bincike da aka wallafa a 2016, an riƙa tsayar da maganin marasa lafiyar da ke sashen kulawa ta musamman da zarar sinadarin ya sauka da kashi 80 cikin ɗari. Kwana bakwai na magani suka koma biyar, mace-mace kuma ba su ƙaru ba.

Akwai kuma wani sinadarin, CRP, da hanta ke fitarwa, ya fi araha, ɗigon jini daga yatsa ya isa a auna shi.

Sai dai a ƙasar sauro, da gyara. Maleriya ma tana ɗaga dukansu biyun, don haka likitan Kano ko Maraɗi da ya ga lamba ta hau ba zai yi gaggawar rubuta kafso ba sai ya duba majinyacin da idonsa, ya yi gwajin maleriya.

Shan magani fiye da buƙata yana sa bakteriya ta daina jin sa, kuma abin ya fi shafarmu fiye da Turawa. A 2019, bakteriyar da ta daina jin magani ta kashe kimanin mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahala. Mai zuwa kemis da zazzaɓi yana cewa "a haɗa min magani," ka nemi a gwada jininka tukuna.