Masu Tara Tsofaffin Kuɗin Sarakunan Rum

Ma'aikatan da suka kama aiki kafin ranar 1 ga Janairu, 1973, lokacin da Naira da Kwabo suka maye gurbin fam da sule, za su tuna yadda akawu yakan ja layi uku a littafin kuɗi, ya rubuta £ da s da d a kansu. Sisi 6d ne, taro 3d, kwabo kuwa 1d. Ba kowa ya taɓa tambayar abin da ya kawo harafin d a wurin kwabo ba, alhali babu shi cikin sunansa, ko da Hausa ko da Turanci. Harafin nan ragowar sunan wani kuɗin azurfa ne na Rumawa da ake kira denarius, wanda aka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga gare shi Larabawa suka sami dinar, mu kuma muka karɓo dinari, har ma masana harshe suna danganta kalmar zinariya da wannan asali, ko da yake shi denarius ɗin kansa na azurfa ne.

Mulkin sarakunan Rum ya soma da Agustus a shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma ƙare a ɓangaren yamma a 476 Miladiyya. Daular ta gushe, amma kuɗinta na nan birjik, kuma a Turai da Amurka da sauran ƙasashe akwai dubban mutane waɗanda ba su da abin sha'awa kamar tara su da nazarinsu. Mai karatu zai zaci wannan harka ce ta attajirai kawai. Ba haka ba ne. Ƙaramar ƙwandalar tagulla ta zamanin Sarki Kustantin ko 'ya'yansa, wadda ta haura shekara 1,600 a duniya, sau da yawa kuɗinta bai kai na littafin makaranta guda ba. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Dalili kuwa shi ne an buga irin waɗannan ƙwandaloli miliyoyi barkatai, kuma talakan Rum ba shi da ma'ajiyar da ta fi tukunya da rami. In yaƙi ko annoba ta ci mai tukunya, sai dukiya ta zauna a ƙasa har ranar da garmar wani manomi za ta tono ta. A Reka Devnia ta ƙasar Bulgeriya an haƙo denarius fiye da 80,000 a wuri ɗaya a 1929, a Misrata ta Libiya kuwa an sami ƙwandala fiye da 100,000 a 1981.

Wanda zai shiga wannan sha'ani dole ya fara sanin tsarin kuɗin. A zamanin Agustus, ƙwandalar zinariya da ake kira aureus daidai take da denarius 25. Denarius guda sestertius 4 ne, shi kuma sestertius, wanda babbar ƙwandala ce ta farin ƙarfe, as 4 ne na jan ƙarfe. Albashin soja a lokacin denarius 225 ne a shekara, kafin Sarki Domitian ya ɗaga shi zuwa 300. Watau wanda ya riƙe denarius guda a tafin hannunsa yau, ya riƙe abin da ya ɗara ladan yinin soja guda.

Amma abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne yadda wannan kuɗi ya lalace, domin in aka jera ƙwandalolin bi da bi a kan tebur, da ido ma ana ganin ciwon yana ci. Na Agustus kusan tsantsar azurfa ne. A 64 Miladiyya, shekarar da gobara ta cinye yawancin birnin Rum, Nero ya rage nauyin denarius, ya kuma sa aka gauraya shi da jan ƙarfe kaɗan. Sarakunan da suka biyo baya suka ga hanya ta buɗe. Zuwa zamanin Septimius Severus, mutumin Leptis Magna a Libiya ta yau, wanda ya yi sarauta daga 193 zuwa 211, azurfar ta koma wajen rabi. Ɗansa Karakalla ya fito da sabuwar ƙwandala a 215, wadda masana ke ganin an ba ta darajar denarius biyu, alhali nauyinta na ɗaya da rabi ne kawai. Kafin shekara ta 270 ƙwandalar nan ta zama tagulla da aka yi wa ɗan wankin azurfa, abin da ke cikinta na azurfa bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Kasuwa ba ta ruɗuwa da wanki. Farashi ya yi ta hawa, har Sarki Diyokletiyan ya kafa dokar ƙayyade farashi a 301, ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya keta, dokar kuma ba ta yi tasiri ba. Kustantin ne ya fito da kuɗin zinariya mai tsayayyen nauyi, solidus, guda 72 a kowace laba ta Rumawa, wanda ya riƙe darajarsa ɗaruruwan shekaru. Shi ne harafin s na littafin akawu.

Karanta ƙwandala ma wani fanni ne mai zaman kansa. A fuska ɗaya akwai kan sarki, da kambin ganye ko kambi mai tsinkaye kamar hasken rana, kewaye da shi kuma sunansa da laƙabansa a taƙaice: IMP, watau jagoran mayaƙa, AVG, watau Agustus, laƙabin da kowane sarki ya gada, P M, shugaban malaman addininsu, P P, uban ƙasa. Mafi amfani ga mai tarihi su ne TR P da COS, domin lambar da ke biye da su tana nuna karo na nawa ke nan sarki ya riƙe wannan muƙami. Da yake akan sabunta TR P kowace shekara, sau da yawa ana iya faɗin shekarar da aka buga ƙwandala ba tare da kuskure ba. A ƙarni na huɗu kuma an riƙa sa alamar garin da aka buga ta a ƙasan hoton baya, kamar ALE na Iskandariyya ko ANT na Antakiya.

Bayan ƙwandala shi ne jaridar gwamnati ta wancan zamani. Babu gidan rediyo, babu injin ɗab'i, amma albashin soja yana kaiwa kowace kan iyaka, daga Biritaniya zuwa bakin Furatu. Saboda haka duk abin da sarki yake so a sani, a nan yake sa shi. Nero ya buga hoton tashar jiragen ruwa ta Ostia. Titus ya buga hoton babban dandalin wasanni na Kolosiyam da aka buɗe a 80. Hadriyan, wanda ya zagaye daularsa, ya sa aka zana lardunan da ya ziyarta da siffar mutane, Afirka ta fito a matsayin mace mai hular kan giwa. Sai dai jaridar gwamnati ce fa, a karanta ta da lura. Sarakunan ƙarni na uku, waɗanda sojojinsu suka yi ta kashewa ɗaya bayan ɗaya, su ne suka fi yawan buga kalmomin amincin soja da haɗin kan rundunoni a bayan kuɗinsu.

Sha'awar tara waɗannan kuɗi tsohuwa ce. Marubucin Italiya Petrarch yakan saye su daga hannun masu noman inabi a Rum, har ya ba Sarki Charles na Huɗu kyautar wasu a 1354. Joseph Eckhel na Biyana ya mai da abin ilmi mai ƙa'ida da littafinsa mai juzu'i takwas tsakanin 1792 da 1798. Kundin da ake dogara da shi yau, Roman Imperial Coinage, Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara shi a Ingila a 1923, ba a fitar da juzu'i na goma ba sai 1994, kuma yanzu ɗalibi yana iya duba jerin nau'o'in da ke cikinsa kyauta a intanet.

Da yake ba mai iya tara komai, kowa yakan zaɓi layinsa. Wasu suna neman ƙwandala ɗaya ta kowane sarki, wasu na Kaisarori goma sha biyu na farko, wasu na gidan buga kuɗi guda, wasu na matan sarakuna. Mai neman goma sha biyun nan yakan sha wuya a kan Otho, wanda sarautarsa ta 69 wata uku kacal ta yi. Bayan ƙarancin samuwa, abin da ke sa tsada shi ne lafiyar ƙwandala: fuskar ta fito sarai, rubutu bai goge ba, hatimi ya sauka a tsakiya. Koren tsatsan da shekaru suka shimfiɗa a kan tagulla ado ne a wurin masana, kuma sabon shiga da ya ɗauki toka ko yashi ya goge ta don ta yi ƙyalli, ya zubar da yawancin darajarta da hannunsa.

Inda akwai riba kuwa, ba a rasa 'yan jabu. Tun a zamanin Rumawa akwai masu lulluɓe jan ƙarfe da fallen azurfa. A ƙarni na 16 Giovanni Cavino na Padua ya ƙera kwaikwayon manyan ƙwandalolin sarakuna masu kyau ƙwarai, har yau ana tara su don kansu. An ce Bajamushe Carl Wilhelm Becker, wanda ya mutu a 1830, yakan zuba sababbin jabunsa cikin akwati tare da garin ƙarfe, ya ɗaura a gindin keken dokinsa, ya yi ta yawo har su yi kamar sun tsufa. Ƙwandala ta gaskiya bugunta aka yi da guduma tsakanin hatimi biyu, don haka wadda aka zuba a mazubi takan tona asirin kanta da ƙananan ramuka a fuska ko layin haɗi a gefe. Ma'auni da madubi mai ƙara girman abu su ne kayan aikin mai saye na farko.

Akwai abin da ya fi jabu illa, shi ne raba ƙwandala da labarin inda aka same ta. Labarin wani sarki mai suna Domitianus ya isa misali. A 1900 an sami ƙwandala guda mai ɗauke da sunansa a yammacin Faransa. Littattafan da suka rage daga zamanin sun ambaci wani hafsan soja mai wannan suna a taƙaice, amma ba a tabbatar ya taɓa hawa gadon sarauta ba, saboda haka wasu masana suka yanke cewa ƙwandalar jabu ce. Haka magana ta tsaya fiye da shekara ɗari. A 2003 wani mutum mai yawo da na'urar gano ƙarfe ya sami tukunya a Chalgrove, kusa da Oxford, da ƙwandala kusan 5,000 a ciki, duk tsatsa ta manne su sun zama dunƙule guda. Bai fasa ba, ya miƙa ta ga masana yadda take. Da aka ɓamɓare su a gidan kayan tarihi na Biritaniya, sai ga ta biyu ta Domitianus a cikinsu. Ba yadda ɗan jabu zai cusa ƙwandala cikin dunƙulen da ya shekara 1,700 a manne. Ta haka aka tabbatar cewa mutumin ya yi iƙirarin sarauta na ɗan lokaci wajen 271. Da mai na'urar ya fasa tukunya ya sayar da su ɗai-ɗai a kasuwa, da ta biyun ma an ce jabu ce.

Haka kuma aka yi a Frome, cikin lardin Somerset, a watan Afrilu na 2010. Wanda ya gano tukunyar ya mai da ƙasa ya rufe, ya kira hukuma. Masu binciken kufai suka kwashe ta hawa-hawa, suka ƙirga ƙwandala 52,503, nauyinsu wajen kilo 160, daga ciki fiye da 760 na Carausius ne, wanda ya ɓalle ya mulki Biritaniya daga 286 zuwa 293. Saboda an bi ta a tsanake, an gane cewa ƙwandalolin da suka fi sabunta suna tsakiyar tukunya ne, alamar an zuba su a lokaci guda ke nan, kuma tukunyar ba za ta ɗauku da wannan nauyi ba, watau sai da aka binne ta sa'an nan aka cika. Wannan ya sa wasu masana suke ganin ba ajiya ba ce, wataƙila hadaya ce ta mutanen yankin. An ƙimanta dukiyar fam 320,250, aka raba tsakanin wanda ya gano da mai gona, ita kuma tana gidan kayan tarihi na Taunton.

Dokar Ingila ta 1996 ce ta sauƙaƙa irin wannan, domin ta wajabta kai rahoton binnanniyar dukiya cikin kwana 14, ta kuma tanadi lada gwargwadon farashin kasuwa. A Italiya da Girka da Turkiyya da Masar, abin tarihi da ke cikin ƙasa na gwamnati ne, fitar da shi ba izini laifi ne. Duk da haka masu haƙar dare suna ta fasa kufai a ƙasashen Balkan da Gabas ta Tsakiya, kayan kuma su bi ta hannun dillalai har su isa kasuwa a wanke, ba mai sanin daga wane rami suka fito. Masu tarawa sukan kare kansu da cewa su ne suka adana waɗannan kuɗi ƙarni bayan ƙarni, kuma manyan taskokin gidajen tarihi da yawa daga hannunsu suka fito. Wannan gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma cewa buhun ƙwandaloli masu ƙasa a jiki da ake sayarwa da araha ba daga akwatin kakan kowa ya fito ba, kuma mai saye ba tambaya shi ke biyan ladan mai haƙa.

Manyan kasuwanni ma ba su tsira ba. A watan Oktoba na 2020 an yi gwanjon wata ƙwandalar zinariya a Landan, wadda Brutus ya buga a 42 kafin haihuwar Annabi Isa don tunawa da kisan Yuliyus Kaisar, da wuƙaƙe biyu a bayanta. An saye ta fam miliyan 3.24. Daga baya masu gabatar da ƙara na birnin New York suka gano cewa takardun asalinta na ƙarya ne, aka ƙwace ta, aka mayar wa ƙasar Girka a 2023.

Shi ya sa tsofaffin hannu a wannan harka suke ba ɗan guntun katin da ke ƙarƙashin kowace ƙwandala muhimmanci kamar ita kanta. A kansa ake rubuta sunan sarki, da nauyi, da lambarta a kundi, da wurin da aka saya, da ranar saye, da sunan wanda ya riƙe ta a da. Ƙwandalar da za a iya bin sawunta zuwa wani littafin gwanjo da aka buga kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan fataucin kayan tarihi, yau takan fi takwararta marar takarda tsada a kasuwa, ko da hatimi ɗaya ya buge su.