Teburin Da Ba A Gani A Cikin Kwamfuta

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata rigima da ke yawan tashi a ɗakin kwamfuta. Mu biyar ko shida ne ke karɓa-karɓa a kan na'ura ɗaya. Yaro ya yi rabin aikinsa ya fita, in ya dawo sai ya tarar da fuskar kwamfuta fayau, ba ko harafi. Nan take ya shaƙe wanda ya zauna bayansa, wai ya goge masa aiki. Galibi kuwa aikin yana nan daram, a kan wani tebur dabam.

Ga yadda abin yake. Fuskar da muke buɗe ayyuka a kanta ana kiranta tebur. To, kwamfuta ɗaya tana iya riƙe tebura da yawa, amma ɗaya kaɗai take nunawa a lokaci guda. Kamar ɗakuna ne a gida: wanda ke zaure ba ya ganin kayan da ke turaka, kayan kuwa ba su tafi ko'ina ba. Masana na kamfanin Xerox a Amurka da suka yi aiki a kan dabarar a 1986 ma, ɗakuna suka kira ta. Masu Linux sun daɗe da ita, Apple ya kawo ta a 2007, amma ba ta shiga cikin Windows sosai ba sai 2015, da fitowar Windows 10. Saboda haka mai Windows 7 kada ya wahalar da kansa da nema.

A ganina laifin na maƙeran ne, domin sun yi ɗaki sun ɓoye ƙofa. Maɓallin Windows da na Ctrl kusa da juna suke. Wanda ya so danna Windows da D don ya ga tebur, in yatsansa ya haɗa da Ctrl, shi ke nan ya buɗe sabon tebur bai sani ba. Wani abin haushi kuma, layin ƙasa ba ya nuna komai sai ayyukan teburin da kake kai. Yaya mutum ba zai ce an yi masa ɓarna ba?

Magani ba wuya. Danna Windows da Tab tare, duk teburan za su jeru ka zaɓi naka. In kana sauri, riƙe Windows da Ctrl ka danna kibiyar hagu ko ta dama. Rufe tebur kuma ba ya kashe aiki, sai dai ya koma teburin da ke maƙwabtaka.

Mu mutanen Bagudo muna da ƙarin ciwon kai. Da yake muna bakin iyaka, wasu tsofaffin kwamfutocin da iyayenmu ke saya daga Kwatano suke fitowa, su shigo ta wajen Lolo ko Tsamiya, da Faransanci a bakinsu. A kansu tebur sunansa bureau, sabon tebur kuwa nouveau bureau. Maɓallansu ma tsarin Faransa ne, watau A ya zauna wurin Q, Z ya zauna wurin W. Mun yi sa'a D da Tab da kibiyoyi ba su gusa ba, don haka abin da na faɗa a sama yana aiki a kansu daidai.

Inda asara ta gaske take shi ne wajen kashe na'ura. In aikin wani yana kwance a tebur na biyu bai adana ba, aka ɗauke wuta ko mai ya ƙare a janareta, to, wannan kam yana iya tafiya. Shi ya sa nake roƙon malam mai kula da ɗakin ya shiga saiti ya sa layin ƙasa ya riƙa nuna ayyukan dukkan tebura. Akwai wurin yin haka, kuma bai fi minti ɗaya ba.