Ina Ruwan Mace Da Gini?

Na gaji da jin magidanta suna cewa wai gini aikin maza ne, mace ta jira a miƙa mata mukulli. Maigida zai sayi fuloti, su tsara komai shi da magini, alhali da sassafe yake fita, sai dare. Wadda za ta wuni a ciki kuwa, ko inda take son murhunta ba a tambaye ta ba.

Shi ya sa za ka ga an cika fili da ɗakuna har jikin katanga don a samu na haya, tsakar gida ta koma lungu. Kicin babu taga, ko a huda 'yar kafa can sama wai don sutura. Sutura ce a turnuƙe baiwar Allah da hayaƙin itace? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi ajalin mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar ta. Ga zafin Maris da Afrilu, lokacin da sanƙarau ke samun ƙofa a ɗakin da ya cunkushe.

Sau nawa kishiyoyi ko matan gidan haya suka daina gaisawa a kan igiyar shanya, ko ruwan wanke-wanke da ya bi ta ƙofar wata? Sai a ce halin mata ne, alhali ginin ne ya haɗa su faɗa. Gidan gargajiya na da zaure don baƙi, da tsakar gida mai faɗi inda mace ke daka, tana soya ƙuli-ƙulin sayarwa, idonta na kan yara. Tsadar fili gaskiya ce, amma ba ta hana shawara.

Malam, kafin a haƙa harsashi, zaunar da iyalinka ka tambaye ta; mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ba kowane ɗaki taga biyu a bango daban-daban don iska ta ratsa. Kicin ya sami mafitar hayaƙi, ya yi nesa da masai. Kowace mace ta sami wurin shanyarta da magudanar ruwanta. A bar fili ko na tabarma biyu ne, a dasa darbejiya a ƙofar gida. In akwai tsoho ko mai lalura, a rage tsayin dokin ƙofa.

Gyara a takarda kyauta ne. Bayan an yi filasta kuwa, sai ka sake sayen siminti.