Tsayar da Jirgi da Ɗaure Shi: Misali Daga Yeji

1.0 Gabatarwa

Babu kogin da jirgi ke bi a Kumasi. Amma a da, fataken goro da ke tashi daga can zuwa Salaga sai sun haye kogin Volta a Yeji. Bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, kogin ya zama tafki, ga kututturan itatuwa birjik a ƙarƙashin ruwa. Wannan takarda za ta duba yadda ɗan komi, wato mai fito, ke tsayar da kwalekwale shi kaɗai, da kalmomin aikin.

2.0 Isowa Gaci

Wanda ba shi da mataimaki tun yana tsakiyar ruwa yake shiri. Yakan warware igiya, ya ɗaura bakinta ɗaya a goshin jirgi, ya ajiye sauran kusa da ƙafarsa. Sai ya rage gudu, ya fuskanci iska, domin ita ce birkinsa. Idan ya ba ta baya, za ta maka jirgin a kan kututture. Da ruwa ya yi ƙasa, yakan ajiye filafili ya ɗauki gora ya dafa. Ba ya tsalle. Yakan sauka da igiya a hannu, don jirgin da aka bari sake ba ya jiran mai shi.

3.0 Ɗauri

Goshi ake fara ɗaurewa. Yakan naɗa igiya sau biyu a turke kafin ya ƙulla, saboda naɗin ne ke ɗaukar nauyi, ƙullin kuwa tsaro ne kawai. Daga nan sai igiya ta biyu a baya, kada jirgin ya juya. Ba a tamke igiya, domin tafkin yakan cika ya janye. In ta yi gajarta, ruwan da ya ƙaru zai danne goshin jirgi.

4.0 Lura da Fi'ili

(a) Ya ɗaura igiya a turke.
(b) Ya ɗaure jirgi.

A (a), fi'ili aji na 1 ne, yana nuna abin da aka sa a jikin wani abu. A (b), aji na 4 ne, yana nuna an kammala aiki. Mai jirgi na iya yin (a) ya tafi gida, ya wayi gari bai yi (b) ba.